Inna Kwalba da Ruwan da Na Zubar

"…da asubar yau ne, a asibiti. Babbar 'yarta ce ta bugo mini. Zauna mana, Malama, kin tsaya mini a ka."

Haka shugaban makarantarmu ya ba ni labarin rasuwarki, Inna, ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina tsaye a ofishinsa da alli a hannu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna. Kwana uku kika yi a kwance. A cikinsu sau ɗaya na leƙo ki, na tarar kina barci, na ajiye lemo a gefen gado na koma duba takardun yara.

Ya ce in rubuta wani abu a kanki don mujallar makaranta, tunda ni na fi kowa zama da ke a 'yan shekarun nan. Sannan ya ɗora hannu a kan wani fayil mai kauri wanda igiyarsa ta yi baƙi don tsufa. Naki ne. Ranar Juma'a zai rufe shi ya aika ma'aikata. Ya ce duk wanda ya shekara talatin yana aiki ana ba shi takardar yabo, in ya rasu a miƙa wa iyalansa, amma da sharaɗin kada a sami takardar gargaɗi ko ɗaya a fayil ɗinsa.

"Shekara talatin da ɗaya," in ji shi. "Shafi tamanin da shida fes. Na tamanin da bakwai ne ya ɓata komai."

Na san shafin. Sunan da ke kansa naki ne, laifin da ke cikinsa nawa. Na ce Allah Ya jiƙan ki, na tashi na koma aji, na koyar da darasi biyu muryata ba ta yi rawa ba. Ina da wannan baiwar. Kin sha gaya mini ba abar alfahari ba ce.

Ga wanda zai karanta wannan bai san mu ba: ni baƙuwa ce a ƙasar nan. Wata ƙungiya mai tura malaman sa-kai ce ta turo ni in koyar da kemistiri na shekara biyu. Na sauka da digiri, da akwati biyu, da cikakken tabbacin cewa ni ake jira. Ke kuwa mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ce. Da wankin kwalabe kika fara, ba ki ƙare sakandare ba, kuma ba wanda ya tuna yaron da ya fara kiranki Inna Kwalba. Shugaba ma, da ya yi karatu a nan, ya ce da sunan ya tarar da ke.

Ranar da na fara shiga ɗakin kin dube ni daga takalmi har ɗankwali, kika ce, "Ke ce ta tara." Daga ranar sunana Ta-Tara. 'Yan sa-kai takwas sun zo kafina, kuma kowanne da abin da ya lalata kike tuna shi. Na-Biyu ya ƙone labule. Na-Huɗu ya fasa ma'aunin zafi shida a zango ɗaya. Ta-Shida ta yi sati biyu tana kukan gida sannan ta koma, ta ƙarar miki da takardar tacewa wajen share hawaye. Bayan wata uku na tambaye ki, ina murmushi, ni me na fasa.

"Ba komai tukuna," kika ce. "Shi ya sa nake tsoronki. Masu fasa ƙananan abubuwa sun fi sauƙin sha'ani."

Ba ki da taushin baki, ba zan ƙaga miki shi ba don kin rasu. Amma ke kika samo mini ɗaki a gidan ƙawarki, kika je da kanki kika jijjiga sakatar ƙofar kafin ki yarda in kwana. Da zazzaɓi ya kayar da ni, kwana huɗu kina biyowa kafin aiki, kina ɗura mini magani kina mitar cewa sauro bai san digiri ba. Daga yadda yaro ya riƙe kwalbar gwaji kike gane bai karya kumallo ba, sai ki aike shi sito ɗauko abin da ba kya buƙata, inda kika ajiye burodi a kan kanta. Ranar da asid ya fallatsar wa wata yarinya a hannu, ni ina laluben shafin da ya yi bayanin abin yi, ke kin riga kin danna hannun a ƙarƙashin famfo, kina ba ta labarin Na-Biyu da labulensa har ta manta da kuka. A wurinki na koyi cewa kwalbar da ɗigon ruwa ya maƙale a jikinta ba ta wanku ba. Shekara huɗu na yi a jami'a ba wanda ya gaya mini, don a can wasu ne ke wanke mana.

Abu ɗaya ne ya hana mu jituwa, shi ne rubuta suna a jikin kwalba. Dokar farko da aka koya mana ita ce, duk abin da ba a rubuta sunansa a jikinsa ba, a zubar da shi. Ke kuwa da zare kike aiki. Ja, baƙi, fari, ƙulli ɗaya ko biyu a wuyan kwalba, kuma fassarar zaren tana cikin kanki ke kaɗai. Na ce miki wannan haɗari ne. Har yau ina ganin ina da gaskiya, kuma gaskiyar ba ta amfane ni da komai ba.

Wata goma da suka wuce, ana saura kwana biyar 'yan ajin ƙarshe su yi jarrabawar gwaji, 'yarki ta biyu ta haihu. Kika ɗauki hutun kwana biyu, kika bar mini makulli a karon farko. Ranar Asabar na yanke shawarar gyara ɗakin don ki dawo ki yi mamaki. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Ɗaya dalilin shi ne ƙungiyarmu tana son hoto duk wata uku, mai nuna canjin da muka kawo.

Na manna wa kowace kwalba suna. A ƙarƙashin dogon bencin da ke sito na tarar da fararen jarkoki goma sha biyu, kowacce da farin zare, ƙulli ɗaya. Na buɗe na sansana, ba wari. Na tsoma takardar gwada asid, ba ta sauya launi ba. Ruwa ne kawai, an tara shi ba suna, ya cinye wuri. Da shi na wanke tagogi, na wanke bencina, na goge daɓe sau biyu, ragowar na ba furannin bakin ƙofa. Na ɗauki hotuna. Ina jin a ƙasar nan kaf ba daɓen da aka taɓa wankewa da ruwa mai tsabtar wannan.

Abin da kowa a makarantar ya sani, ban da ni, shi ne ruwan burtsatsen garin yana da gishiri narke a cikinsa. A sha lafiya, amma a gwaji ƙarya yake yi. Injin tace ruwan makaranta ya mutu tun zamanin Na-Uku. Saboda haka kowace damina kike tarar ruwan sama. Ba na farko ba, ba na biyu ba, ba kuma wanda ya taɓa kwanon rufi ba. Robobi kike jerawa a kan tebura a tsakiyar filin ƙwallo, ki tace, ki tafasa, ki adana na shekara. Wata takwas ina amfani da shi daga ƙananan kwalaben da kike cika mini kowace safiya, ban taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba.

Ranar Litinin kika dawo. Kika tsaya a ƙofa kika kalli ƙyallin, kika wuce sito.

"Ta-Tara, jarkokina fa?"

"Suna waje. Na wanke na kife su."

"Abin da ke ciki nake tambaya."

Na nuna miki daɓen. Kika daɗe kina kallonsa.

"Ya yi kyau," kika ce.

A safiyar ce ambulan ɗin hukumar jarrabawa ya iso, da jerin abubuwan da za a haɗa wa yara sittin da uku kafin ranar Alhamis. Lita talatin na ruwa muke buƙata. Damina saura wata biyu. Mai sayar da batir a kasuwa yana da kwalba shida na tataccen ruwan batir, da na gwada su duk da asid a ciki. Motar babban birni sai Juma'a take dawowa. Na ce zan tafasa na burtsatse. Kika ce tafasa ba ta fitar da gishiri. Na sani, na taɓa amsa tambayar a jarrabawa har na ci maki. Duk da haka na ce miki za mu gani. Kika ɗauki mayafinki kika fita. Na ɗauka fushi ne, na ce a raina tsofaffi ba sa son canji.

Ranar Talata da hantsi jami'in hukumar ya zo duba shiri, shugaba yana biye da shi. Mutum ne siriri mai magana a hankali, irin waɗanda ba sa ɗaga murya don biro yana yi musu. Ya ɗauki kwalbar farko cikin waɗanda na haɗa, ya ɗaga ta saitin taga. Kamata ya yi a hangi bishiyar waje ta cikinta. Fari-fari take, kamar an ɗiga madara. Tun jiya na ga hakan, na ce zai kwanta kafin safe. Ya ɗauki ta biyu. Ita ma.

"Da wane ruwa aka haɗa wannan?"

"Na burtsatse," na ce. "An tafasa."

"Makarantar nan ba ta da ruwan gwaji ne?"

Shugaba ya ce akwai, kullum akwai, Inna ce ke ajiyewa. Suka juya gare ki. Kina tsaye a bakin sito, hannuwanki duk toka, a lokacin ban san dalili ba.

"Ina ruwan, Inna?"

Tsakanin tambayar da amsarki akwai lokacin da zai ishi mutum ya ce "ni na zubar". Kalma uku ce. Na jera su a raina, na ji nauyinsu a harshe, na duba ko akwai yadda za a faɗe su da ɗan bayani a gaba. Ina cikin dubawa kika yi magana.

"Na bari ya ƙare, Yallaɓai. Ban lura ba."

Jami'in ya rubuta. Ya ce gobe ƙarfe biyar na yamma zai dawo. In ya ga hazo a kwalba ɗaya zai soke gwajin a wannan makaranta, yaran su jira baɗi. Kowa a ɗakin ya san rabinsu ba za su dawo baɗi ba, gona da shago za su riƙe su.

Da suka fita na tambaye ki me ya sa kika faɗi haka.

"Kada ki ɗauka don ke na yi," kika ce. "Kafin ki zo, shekara biyu yaran nan suna kallon kemistiri a allo ba malami. Ni in aka ba ni takarda, gobe ina nan ina wanke kwalba. Ke in aka rubuta wa masu turo ki, jirgi za ki hau, can gida a ce miki sannu da ƙoƙari. Cire farar rigar nan ki biyo ni, za ta yi baƙi."

A bayan kicin ɗin makaranta na ga inda kika je jiya. Kin aro manyan tukwane biyu daga wurin kuku, kin goge su da toka har sun yi fari. Kin sa mai gyaran firji ya huda murafan, ya zura bututun jan ƙarfe, ya nannaɗe shi ya ratsa ta cikin duro mai ruwan sanyi. Bakin murfin kin liƙe da yumɓu da tsumma. In ruwan burtsatse ya tafasa, tururi ya bi bututun, ya huce, ya ɗigo a ɗaya bakin, gishirin ya zauna a tukunya. Na sha zana wannan a allo da alli mai launi uku. Ban taɓa ganin an yi shi da itace ba.

Da azahar ɗigon farko ya faɗo. Na miƙa jarka da sauri, kika buge mini hannu. Litar farko ta wanke bututu ce, zubarwa ake yi. Na kalli ruwan yana bin ƙasa.

Ke kina kula da wuta, ni ina ɗebo ruwa daga burtsatse ina sauya na duro in ya ɗumama. In wuta ta yi yawa tukunya ta yi tsalle ta watso gishiri cikin bututu, a koma farko. In ta yi kaɗan ɗigon ya tsaya. Sau biyu yumɓun ya tsage, kika toshe da hannu tururi yana dukan yatsunki. Kafin magariba muna da lita tara. Ba ki yi mini magana ba sai ta aiki: kawo, riƙe, matsa. Laraba muka fara da fitowar rana. Ƙarfe goma sha biyu lita goma sha tara. Ƙarfe biyu tukunya ɗaya ta fara yoyo ta gindi, muka koma ɗaya. Ƙarfe uku da rabi lita ashirin da shida, kuma ban haɗa komai ba.

"Ya isa?" kika tambaya. Ranar ce kaɗai kika taɓa tambayata abu a kan aikinki.

Na zauna a kan dutse na sake auna abin da kowane yaro zai buƙata, na rage ruwan ɗauraya, na ce ya isa in ba wanda ya kifar. Na ruga ɗakin gwaji. Kika biyo ni, kika karɓi cokalin awo kika ce in karanto miki lambobin kawai. Biyar saura kwata muka toshe kwalbar ƙarshe.

Jami'in ya zo biyar daidai. Ya ɗaga ta farko saitin taga, bishiya ta fito da ganyenta. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duka goma sha huɗu, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya sa hannu a takardarsa, ya dube ni ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malama." Na ce yauwa.

Ranar Alhamis yara sittin da uku suka yi gwajinsu. Ba wanda ya kifar. Kina tsaye a bayansu da yatsu naɗe da tsumma.

Litinin da ta biyo baya takardar gargaɗin ta fito, domin rahoton jami'in ya riga ya tafi, dole a ɗora wa wani. Sakaci da kayan aiki. Kika karanta a tsaye, kika ninke ta huɗu kika sa a jaka.

"Shekara talatin fayil ɗina bai san jan biro ba," kika ce. Ba da ni kike ba, da famfo kike. Kika ci gaba da wanki.

Na yi niyyar zuwa wurin shugaba, Inna. Na ce bari a gama sauran jarrabawa. Aka gama, na ce bari sakamako ya fito. Ya fito da kyau, hamsin da ɗaya suka ci, ƙungiyarmu ta buga hotona a mujallarta, ina tsaye a kan daɓen nan mai ƙyalli. Daga nan na nemi a ƙara mini shekara ta uku, na ce bari a amince tukuna. Kowane dalili da na kawo mai kyau ne. An koya mini kawo dalili.

Da damina ta zo tare muka tari ruwa. Na manna wa jarkokin suna da manyan baƙaƙe, kika bari na gama, sannan kika bi su kika ɗaura zarenki. Wata rana muna tsakiyar fili ruwa yana dukanmu, na ce, "Inna, maganar takardar nan…"

"Riƙe robar da kyau, tana karkacewa."

Na riƙe robar. Na ji daɗin da kika katse ni, kuma kin ga na ji.

Ranar Laraba, washegarin rasuwarki, na je gida gaisuwa. Babbar 'yarki, mai ɗinki, ta ja ni ɗakinki daga cikin mutane. Ta nuna mini ƙusa a bango saitin gadonki, ba komai a rataye. Ta ce tun shekara biyar da suka wuce kika sa aka kafa ta don takardar yabon, kina hana kowa rataya ko carbi.

"Ta gaya mini komai ranar da aka ba ta takardar gargaɗin," in ji ta. Murya ƙasa-ƙasa take magana saboda baƙi. "Ta ce kada in tanka miki. Ban tanka ba, Malama, wata goma muna gaisawa. Yanzu ba ta nan. Ba na roƙonki komai. Na dai so ki san na sani."

Na fito ina ta juya abin. Dalilinki bai mutu tare da ke ba. Takardar neman ƙarin shekarata tana kan teburin shugaba. Dokar ƙungiyarmu ce, wanda ya ɓoye kuskure a ɗakin gwaji ba a sabunta masa, kuma ba wanda ke layin maye gurbina. 'Yan aji biyar su saba'in ne. In na yi shiru na bi abin da kika zaɓa. In na yi magana na saɓa miki, wataƙila kuma na bar su da allo. Na lura cewa shirun, wanda ya yi kama da biyayya gare ki, shi ne kuma ya fi mini daɗi. Duk lokacin da abin da ya dace da abin da ya fi mini daɗi suka zo daidai haka, na koyi in sake duba awon.

Kafin in faɗi yadda muka ƙare da shugaba, bari in sauke abin da ya fi muhimmanci. Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki Ya haskaka shi. Yaran da suka bi ta hannunki, waɗanda yau suke aiki a asibitoci da gonaki da azuzuwa ba su san sunanki na yanka ba, Allah Ya sa su zama miki sadaka mai gudana. Yatsun nan da tururi ya ƙona, Allah Ya haramta wa wuta su. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki huɗu, da jikokinki, har da ƙaramin da aka haifa a satin da na yi ɓarnata, da ƙannenki, da ƙawarki da nake zaune a gidanta, wadda tun Talata ba ta buɗe tagarta ba. Ina yi wa malamai da ɗalibai ta'aziyya, da kuku da mai gyaran firji, waɗanda suka san komai ba su taɓa faɗa ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Ga babbar 'yarki kuma, bayan ta'aziyya ina neman gafara, in ta ga dama, a lokacin da ta ga dama.

Ranar Alhamis bayan an tashi na shiga ofishin shugaba da takarda shafi ɗaya. Na rubuta abin da na yi ranar Asabar ɗin, da abin da ban faɗa ba ranar Talatar da jami'in ya zo, na sa kwanan wata na sa hannu. Ya karanta har ƙasa. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Gidana yana kallon ɗakin gwajin, Malama," ya ce. "Ina zaune a baranda na ga kina ta kwarara wa furanni ruwa daga farar jarka. Na ɗauka kin san abin da kike yi. Ke ce mai digiri."

"Ke nan ka sani, Yallaɓai, lokacin da ka sa hannu a takardar gargaɗin."

"Na sani. Ita ma ta san na sani. Ina da malamar kemistiri ɗaya, ina da Inna ɗaya, na duba wadda ba za ta tafi ba."

Fanka tana ta juyawa a sama. Ya ce ba a cire shafi daga fayil, kowanne da lambarsa, in an ga giɓi fayil ɗin gaba ɗaya ake dawowa da shi. Ƙari kawai ake yi. In takardata ta shiga, ma'aikata za ta iya soke gargaɗin, kuma tabbas za ta sanar da ƙungiyarmu.

"Ba zan iya yi miki alkawarin shekara ta uku ba. 'Yan aji biyar fa?"

"Ina nan har ƙarshen zango. Zan kai su inda zan iya."

"Da tana nan da ta ce ba ki da hankali."

"Ta sha faɗa."

Ya ɗan jima yana kallon takardar. Sannan ya jawo fayil ɗin, ya kwance igiyar, ya huda takardata ya zura ta. Ya rubuta tamanin da takwas a kusurwa ya kewaye. Bai ɗaure igiyar ba. Ya buɗe aljihun tebur ya zaro farar takarda, ya rubuta tamanin da tara a kusurwarta da sunansa a sama, ya riƙe biro a kanta bai fara ba.

"Je ki, Malama," ya ce, bai ɗago ba. "Ja mini ƙofar."

Na ja ta a hankali har ta rufu, na sauka daga baranda na tafi.